Minti goma a gaban matan Islamiyya: me zan faɗa kan abin da muke ci?

Anti Nas: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Malamar Islamiyyarmu ta matan aure ta ce in zo ranar Asabar in yi wa ɗalibai magana kan abinci da lafiya, tunda azumi ya ƙarato. Minti goma ta ba ni kafin a tashi. Mata ne kusan tamanin, kuma rabinsu suna sana'ar gida: zoɓo, kunun aya, ƙuli-ƙuli, awara, ɗanwake. Daren jiya na zauna na rubuta abu goma sha huɗu. Da na karanta wa Baban Khalifa sai ya ce kafin in kai na biyar rabin ajin ya fara gyangyaɗi. Me zan ɗauka, me zan bari?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki wahalar da kanki. Ki je da hoton mai ciwon ƙoda kwance ana wanke masa jini, ki ɗaga musu su gani. Mutanenmu ba sa jin lallami. Sai an ce mutuwa sannan kowa zai natsu.

Hajiya Mai Zoɓo: Kawu, da girmanka, amma wannan maganar taka ita ce ta kusa kashe min sana'a. Kun tuna 2021, gab da azumi, lokacin da aka yi ta kwasar mutane zuwa asibiti a Kano suna amai da fitsarin jini? Kwana biyu tsakani saƙon murya ya cika wayoyi wai a daina shan zoɓo da duk wani lemon gida. Ni ban taɓa sa ɗan tsami a zoɓona ba, tsamiya da citta da kanumfari nake sawa, na gada ne wurin mahaifiyata. Amma kula biyu na ƙulla ranar, yaron ya dawo da su ko guda goma bai sayar ba. Da yamma ina tsaye ina kallo aka juye su a kwata. Sati uku ban kunna murhu ba, a cikin watan da nake samun kuɗin shekara. Wanda ya sayar da gubar shi ya ci kuɗinsa, mu aka bari da tsoron.

Malam Kimiyya: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Wannan labarin ma shi ne darasin gaba ɗaya. Gwamnatin jihar a lokacin ta ce mutum 10 sun rasu, ɗaruruwa kuma sun kwanta, wasu da matsalar ƙoda. Daga baya hukumar NAFDAC ta ce wani sinadarin masana'anta ne, haidiroksilamin, aka sayar wa mutane da sunan ɗan tsami. Ɗan tsami na ainihi kuwa tsamin da ke cikin lemon tsami ne, ba ya kashe kowa a ma'aunin da ake sawa. Ke nan matsalar farin gari ce da ake aunawa daga buɗaɗɗen buhu ana ƙullawa a leda, ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Da an ce "kada ku sayi ɗan tsamin awo, ku koma tsamiya ko lemon tsami" da an tsare rai an kuma tsare sana'a. Sai aka ce zoɓo.

Kawu Direba: To ai Malam ka ba ni gaskiya ba ka sani ba. Tsoron ne ya sa mutane suka daina sha, ko ba haka ba? Da an tsaya dogon bayani da wasu sun ƙara mutuwa.

Malam Kimiyya: Na yarda, Kawu, a kwanakin farko da ba a san musabbabi ba dole a ce kowa ya dakata. Inda nake da ja shi ne bayan an gano. Saƙon tsoro ya yi tafiya da ƙafar doki, saƙon gyara ya zo da ƙafar hawainiya, wasu ma har yau bai iske su ba. Ka tambayi mutum goma a tasha me ya faru a 2021, tara za su ce maka "jus ne ya lalace". Ledar farin garin kuwa tana nan a kasuwa.

Kuma ka tuna watan Agustan 2014. Tsoron Ebola ne ya sa aka tashe mu da tsakar dare a waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye. Ebola ba ta zo Kano ba, amma gishirin ya kwantar da mutane a sassan ƙasar, har da rasa rayuka. Mutumin da ka tsorata ba ka ba shi abin yi ba, zai nemo abin yi da kansa.

Ummi 'Yar Jami'a: Wallahi na tuna, ina firamare. Mama ta tashe mu ƙarfe uku ta jera mu a tsakar gida da bokiti 😂 Yaya Sadiƙ yana kuka gishiri ya shiga idonsa.

Maman Biyu: Kowa ya yi wankan nan, Ummi, masu musu ne kawai suka fi yawa yanzu.

Anti Nas: Ni ma na yi, kuma ina makarantar koyon jinya a lokacin. A rufa min asiri. To amma ku dawo da ni kan hanya. Ɗan tsamin awo ya shiga jerina, na ɗaya. Saura?

Ɗan Dawanau: Anti, ki sa wake. Amma don Allah kada ki ce musu "'yan kasuwa na zuba guba a wake" ki yi shiru, domin mu ma muna da 'ya'ya kuma waken muke ci. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Mutum ya sayi buhu ɗari da kaka, ya zuba jarinsa duka. Wata biyu in bai yi komai ba ƙwaro ya huda shi ya zama gari. Sai ya ɗauko fiya-fiya ko Sniper ya yayyafa, domin shi ya sani kuma shi ne mai arha. Ba daidai ba ne, na sani. Sinadarin da ke ciki, dikulobos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. A 2018 ma da wani bidiyo ya yaɗu ana zuba shi a wake, hukumar kare haƙƙin masu saye ta fito ta yi gargaɗi.

Abin da ya sauya wasunmu ba gargaɗin ba ne. Buhun PICS ne, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Ka zuba busasshen wake, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron numfashi yake rasawa ya mutu, ba ko ɗigon magani. Ni da idona na ga an kwance wanda ya yi wata shida a kasuwar ƙauye a gaban jama'a, aka zuba a tabarma, fes. Ranar babu wanda ya yi wa'azi, amma buhunan da aka kawo ba su kai la'asar ba.

Maman Biyu: To mu masu sayen kwano ɗaya fa? An ce mana in ka ga wake da ƙwaro a ciki shi ne mai lafiya, wanda ba ƙwaro shi ne mai magani. Yanzu kuma ka ce na buhun leda ba ƙwaro ba magani. Wanne za mu kama?

Ɗan Dawanau: Gaskiyarki, Yaya. Wannan dabarar ta ƙwaro ba ta da tabbas, domin ana iya fesa wa wanda ya riga ya huje. Ki shinshina, in kin ji warin magani ki bar shi ko nawa aka rage miki. Ki wanke sosai, ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Yana ragewa, ban ce yana cirewa duka ba. Mafi a'ala ki samu mutum ɗaya da kika sani kina saye wurinsa, ki tambaye shi kai tsaye yadda yake ajiya. In mata ashirin suka tambaye shi a sati ɗaya, wallahi zai sayi leda.

Anti Nas: Ka ga irin wannan nake so. Abin da mace za ta iya yi gobe da safe da hannunta.

Ummi 'Yar Jami'a: Anti ki yi musu maganar nama ma. Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama a sahu ɗaya da taba sigari wajen kawo ciwon daji. Kilishi ma yana ciki.

Kawu Direba: Kilishi?! To a bar ni in mutu.

Malam Kimiyya: Ummi, abin da kika karanta gaskiya ne, amma yadda aka yaɗa shi ne ya ɓata. A 2015 ne sashen binciken ciwon daji na hukumar ya sa sarrafaffen nama a rukuni na ɗaya, kuma busasshen nama mai gishiri yana cikin misalansu. Sai dai rukunin ba ya auna girman haɗari, ƙarfin hujja yake aunawa. Wato sun tabbatar yana iya jawowa, kamar yadda suka tabbatar da taba. Ba su ce ɓarnarsu ɗaya ba. Adadin da suka bayar shi ne mai cin giram 50 kullum, kullum fa, haɗarin ciwon dajin hanji yana ƙaruwa masa da kashi 18 cikin ɗari a kan wanda yake da shi tun asali. Waye a unguwar nan yake cin kilishi kullum a tsadar nan?

Haka aka yi a 2023 da aspatam, zaƙin da ake sa wa lemon kwalba marar sukari. Sashen binciken nan ya ce "mai yiwuwa" ne ya kawo ciwon daji, jaridu suka ce "yana kawo ciwon daji". A rana guda wani kwamitin na hukumar ya ce mai nauyin kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 a yini kafin ya ƙetare iyaka. Wannan rabin bai zo wayoyinmu ba.

Matsalarmu kalma ɗaya muke amfani da ita, haɗari, ga abu biyu. Rijiya haɗari ce. Amma rijiya mai murfi a bayan gida daban, buɗaɗɗiya a tsakar gidan da yara ke rarrafe daban. Mai gargaɗin da bai faɗi nawa ba, sau nawa, kuma ga wa, bai gama magana ba.

Ummi 'Yar Jami'a: Na gane, Malam. Na janye kilishi.

Kawu Direba: Allah ya yi miki albarka.

Inna Mai Ƙuli: Ni ban iya rubutu sosai ba, jikata ce ke rubuta min. Na ji an ambaci ƙuli-ƙuli a sama. 'Yar nan, me za ki ce a kanmu? Shekara talatin ina wannan sana'a ban ji wanda ya ci ya faɗi ba.

Anti Nas: Inna, ina gaisuwa. Wannan shi ne wanda ya fi ba ni wuya a cikin sha huɗun, kuma dalilin shi ne abin da kika faɗa: ba wanda yake ci ya faɗi. Gyaɗa ko masara in ta sha danshi takan yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba da ake kira afulatoksin. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. A hankali take cin hanta, shekara da shekaru, kuma in mutum yana da ciwon hanta nau'in B, wanda muke da shi da yawa, haɗarin ciwon dajin hanta yana ninkuwa sosai. In ta yi yawa ƙwarai takan kashe nan take, kamar a Kenya a 2004 da mutum 125 suka mutu saboda masara. Amma mu a nan yawanci shiru take aikinta. Ranar da mutum zai zo mana ciki ya kumbura ido ya yi rawaya, ba wanda zai tuna da gyaɗa. Sammu za a ce.

Inna Mai Ƙuli: To ai mu muna tsincewa. Mai ɗaci da baƙa da wadda ta yamutse duk muna warewa, don tana ɓata ɗanɗano.

Anti Nas: Madalla, Inna, tsincewar nan ita ce babban maganin. Tambayata ɗaya: wadda aka ware ina take zuwa?

Inna Mai Ƙuli: Kaji. Wasu kuma suna sayarwa da arha, akwai masu saye su haɗa a niƙa.

Malam Kimiyya: Nan gizo ke saƙa. An tsince gubar an tara ta wuri ɗaya, sannan an sayar wa mafi talauci. Kuma in an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, tunkuzar kuwa ita ce ƙulin, ita ce yajin tsire, ita ce ta kwaɗon zogale.

Inna Mai Ƙuli: Ikon Allah. Ban taɓa jin wannan ba. A rediyo dai na taɓa jin wani likita yana ta faɗin sunan nan mai tsawo, na ɗauka ciwon Turawa ne na kashe. Da ya ce gyaɗa mai ɗaci ai da na tsaya.

Ɗan Dawanau: Anti, rubuta wannan maganar ta Inna da babban baƙi. Ga manoma kuma akwai Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, dawa ce shuɗiya da ake watsawa a gona makonni kafin fure, fumfuna marar guba ta riga mai gubar kama wuri. Amma wannan ba na matan Islamiyya ba ne. Su dai a shanya a kan leda ko tabarma ba a ƙasa ba, a bari ta bushe ƙayau, kada buhu ya taɓa bango ko daɓe mai sanyi.

Malam Na'ibi: Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Ina da gyara ɗaya ga 'yata Nas. Kada ki shiga ajin nan da rigar asibiti kina cewa "bincike ya nuna". Mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari. Ba a manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma shi yana cikin abin da ya sa aka guje wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ki bari Malama ta buɗe da cewa lafiya amana ce kuma algus haramun ne, su sun san wannan. Sannan ke ki kawo naki. Na lura da abu ɗaya a masallaci: in na ce "likitoci sun ce" sai a kalli agogo, in na ce "wancan makon mun yi jana'iza a layin nan" sai a ɗago kai.

Kawu Direba: Allah ya gafarta Malam, ai ka dawo kan maganata. Jana'iza. Tsoro ke nan.

Malam Na'ibi: A'a Alhaji, ba ɗaya ba ne. Kai hoton wani da ba a sani ba za ka ɗaga, a zabura, a isa gida a manta. Ni abin da ya faru a gabansu nake tuna musu, kuma ba na sauka sai na faɗi abin da za a yi.

Kawu Direba: Ni dai ban ga bambanci ba, amma ba na ja da Malam.

Maman Biyu: Ba wanda ya yi maganar gishiri da magi, alhali hawan jini ne ya cika gidajenmu. Ko don ba ya tashe a waya?

Anti Nas: Yana cikin jerina, na bakwai. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, a duk abin da ya ci har da burodi. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Na sha faɗa wa masu zuwa awo, sai su ce to, wata mai zuwa jinin yana nan yadda yake.

Maman Biyu: Don ba da giram muke girki ba, Anti. Tukunyar mutum goma sha biyu nake ɗorawa, da hannu nake barbaɗawa. Kuma in miya ta yi salam ba likita za a zaga ba, ni za a zaga, uwar miji na zaune. Ki ce min: inda kike jefa dunƙule shida ki jefa biyar sati biyu, sannan huɗu, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Wannan zan iya, ba wanda zai gane. Amma "ki rage gishiri" ban san inda zan kama ba. Sannan a samu mai faɗa wa mazan, don su ne masu cewa a miƙo gishiri tun ba su ɗanɗana ba.

Malam Na'ibi: Na karɓi wannan. Juma'a mai zuwa bayan sanarwa, in sha Allahu.

Hajiya Mai Zoɓo: Nas, roƙona ɗaya. In kin zo kan ɗan tsami ki kira ni in tashi in nuna yadda nake jiƙa tsamiya da yawan da nake sawa a bokiti. Masu sayen garin nan ba mugunta ba ce, arha ce da sauri. In suka ga lissafin bai fi 'yan nairori ba za su bari. Kuma su ji daga bakin mai sana'a, kada a ce ma'aikaciya mai albashi ce ta zo hana mu neman abinci.

Anti Nas: Hajiya kin gama min komai. Na soke goma sha ɗaya. Uku suka rage: farin garin awo, gyaɗar da aka ware, da dunƙule ɗaya a cire daga tukunya. Ba zan je da takarda ba. Faranti biyu zan ɗauka, ɗaya gyaɗa mai kyau ɗaya tsintacciya, a zagaya da su sahu-sahu kowa ta taɓa ta shinshina. Waken kuma Ɗan Dawanau ka yi haƙuri, sai bayan salla in Malama ta ƙara ba ni lokaci.

Ɗan Dawanau: Ban yarda ba fa, Anti. Azumi ne lokacin ƙosai da alala, yanzu ne ake cin waken. Ki cire magi daga jerin.

Maman Biyu: Kada ki kuskura.

Malam Kimiyya: A raba gardama: Anti ta yi ukunta a aji, kai kuma ka yi saƙon murya na minti ɗaya da bakinka, ka faɗi sunanka da rumfarka, mu tura wa matan. Saƙon da ba a san mai shi ba ne ya saba ɓata mu.

Ɗan Dawanau: Minti ɗaya ya yi min kaɗan, amma zan gwada bayan isha'i.

Inna Mai Ƙuli: 'Yar nan, kada ki sayi gyaɗar nunin. Ina da tsintacciya rabin kwano da na ajiye wa kaji, ki aiko Khalifa ya karɓa gobe. Amma ki faɗa min, in ban ba kajin ba, ina zan kai ta?

Anti Nas: A haƙa rami a binne, Inna, inda akuya ba za ta tono ba. Khalifa zai zo bayan an tashi daga makarantar allo.